Kanwa da Toka: Tarihin Gano Yadda Shuka Ke Jure Gishiri da Ƙarancin Fotasiyam

Tun kafin ilimin sinadarai na zamani ya iso, madafin Bahaushe ya san abubuwa biyu masu aiki iri ɗaya amma asalinsu daban, wato kanwa da ruwan toka. Kowanne aka jefa a tukunyar wake zai nuna da wuri, kowanne aka sa a miyar yakuwa zai kashe tsami. Kanwa daga ƙasa ake samo ta, a ƙasar Manga da gaɓar Tafkin Chadi da kwarin Dallol Bosso, fatake su yi safararta a bayan jakuna da raƙuma zuwa Kano, daga nan har ƙasar Yarbawa da Gwanja. Ruwan toka kuwa daga shuka yake fitowa. A ƙone karan dawa ko na gero, a jiƙa tokar, a tari abin da ya tsiyayo. Abin da ke ba kanwa ƙarfinta shi ne sinadarin sodiyam, wanda kuma da shi gishirin miya ya haɗu. Abin da ke ba toka nata ƙarfin shi ne fotasiyam.

A wurin mai girki ɗaya na maye gurbin ɗaya. A wurin shuka kuwa, fotasiyam abinci ne da ba ta rayuwa sai da shi, sodiyam kuma idan ya yi yawa guba ne. Yadda shuka ke tantance waɗannan biyun, da yadda masana suka ɗauki kusan shekara 200 kafin su gano makullin wannan tantancewa a cikin ƙwayoyin gado, shi ne abin da wannan maƙala za ta bi diddiginsa. Don gudun rikicewa, a nan "ƙwayar halitta" na nufin ƙaramin ɗakin da jikin kowane mai rai ya ginu da shi, "ƙwayar gado" kuma na nufin umarnin da ke rubuce a cikin wannan ɗaki, wanda ɗa ke gada daga iyaye.

'Yan uwa biyu masu kama

A shekarar 1807, a birnin Landan, Humphry Davy ya yi amfani da wutar lantarki ya ware fotasiyam, bayan 'yan kwanaki ya ware sodiyam. Sunayen da aka ba su na ɗauke da tsohon tarihinsu. Sunan fotasiyam a Turanci daga kalmomin "tukunya" da "toka" ya fito, domin Turawa ma tokar itace suke jiƙawa su ƙafar da ruwan a tukunya. Harafin K da ake rubuta shi da shi, wanda kowane manomi ke gani a buhun takin NPK, ya samo asali daga kalmar Larabci mai nufin tokar tsirrai. Alamar sodiyam kuwa, Na, daga sunan kanwa take, irin wadda ake ɗiba a Wadi Natrun na ƙasar Masar. Ke nan rabon da Bahaushe ya yi na kanwa da toka shi ne dai rabon da ke cikin sunayen kimiyya.

Aikin fotasiyam a jikin shuka yana da yawa. Shi ke tayar da gomman sinadaran da ke sarrafa abinci a cikin ƙwayar halitta, shi ke riƙe ruwa har ganye ya tsaya ƙyam, shi ke buɗe ƙananan ƙofofin da ganye ke shaƙar iska ta cikinsu ya kuma rufe su. Sodiyam na kama da shi a siffa da nauyin lantarkin da yake ɗauke da shi, har yakan bi ta ƙofar da aka tanadar wa fotasiyam ya shige, ya zauna a mazauninsa, amma ba ya iya aikinsa. Kama da wane ba ta wane. Saboda haka gishiri ta hanya biyu yake cutar shuka. Da farko yana riƙe ruwan ƙasa har saiwa ta kasa tsotsa, shuka ta yi yaushi alhali ƙasa na da danshi. Daga baya sodiyam ya taru a tsofaffin ganyaye, bakinsu ya ƙone, su bushe tun kafin lokacinsu.

Yanayin ƙasa ne ke raba wa kowane yanki nasa kason na wannan matsala. Inda ruwan sama ya yi ƙaranci kuma rana ta yi zafi, gishiri ke taruwa. Inda ruwa ya yi yawa, fotasiyam ke wankewa. Birnin Libreville na ƙasar Gabon misali ne mai kyau na ɓangare na biyu. Ruwan da ke sauka a can a shekara ya kusa milimita 3,000, fiye da ninki uku na abin da Kano ta saba samu, kuma jar ƙasa irin ta dazuzzukan wannan yanki ba ta iya riƙe fotasiyam sosai. Ga shi kuma rogo da ayaba, waɗanda su ne cimar mutanen wurin, suna cikin amfanin gona mafi cin fotasiyam. Abin sha'awa, a gefen birnin, a gandun Akanda da na Pongara da gwamnatin Omar Bongo ta keɓe a 2002, akwai dazuzzukan itatuwan mangurof tsaye cikin ruwan teku. Wani jinsinsu yana tace gishirin tun daga saiwa, wani kuma yana barinsa ya hau sannan ya fitar da shi ta ganye har a ga farin gishiri a kai. Waɗannan itatuwa hujja ce cewa jure gishiri abu ne da ake gada. Abin da ya rage wa masana shi ne sanin inda gadon yake, da ko alkama da shinkafa suna da rabo a cikinsa.

Darasin Iraƙi

Matsalar ta girmi kimiyyar da nisa. A 1958 Thorkild Jacobsen da Robert Adams suka wallafa nazari kan tsoffin allunan lissafin gonaki na kudancin Iraƙi, ƙasar da ke tsakanin kogin Dijla da Furat. Bisa ƙididdigarsu, wajen shekara ta 3500 kafin haihuwar Annabi Isa alkama da sha'ir kusan kunnen doki suke. Bayan shekara dubu da ɗoriya alkama ta koma kashi ɗaya cikin shida a yankin Girsu, wajen 2100 ta gaza kashi 2 cikin 100, zuwa 1700 an daina noma ta a kudu. Dalilin da suka bayar shi ne ban ruwa ba tare da magudana ba ya tara gishiri, manoma suka koma ga sha'ir saboda ya fi juriya. Marvin Powell ya ƙalubalanci yadda suka karanta allunan a 1985, kuma har yau ana muhawara kan girman rawar da gishiri ya taka a faɗuwar waɗancan birane. Abin da ba a musu a kai shi ne sha'ir ya fi alkama jure gishiri, kuma manoman da ba su taɓa jin sunan sodiyam ba sun gane haka.

Ƙofofi biyu a saiwar sha'ir

Da sha'ir ɗin ne kuma aka buɗe babin zamani. Emanuel Epstein na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ya riƙa yanko saiwar sha'ir yana tsoma ta a ruwa mai fotasiyam, yana auna saurin tsotsarta. A 1963 shi da abokan aikinsa suka bayyana cewa saiwa na da hanyoyi biyu. Ɗaya tana aiki lokacin da fotasiyam ya yi ƙaranci ƙwarai, tana tsince shi ɗai-ɗai, kuma ba ta cika ruɗuwa da sodiyam ba. Ɗayar tana aiki lokacin wadata, ƙofa ce mai faɗi, sodiyam na iya cusa kai ta cikinta. Epstein ya kuma nuna cewa sai da sinadarin kalsiyam saiwa ke iya wannan tantancewa yadda ya kamata. A 1977 shi da Jack Norlyn suka noma sha'ir a rairayin gaɓar tekun Kalifoniya suna ba shi ruwan teku, wasu irurruka suka yi ƙwaya.

Duk da haka ba wanda ya ga ƙofofin da ido. Shekara kusan 30 suna nan a matsayin layuka a takardar awo, sai a 1992 aka kama su ta wata dabara mai ban sha'awa. An samo yis, irin na kwaɓin burodi, wanda aka lalata masa hanyar tsotsar fotasiyam har ba ya iya tsira a inda sinadarin ya yi ƙaranci. Sai aka riƙa cusa masa ƙwayoyin gadon wata 'yar ciyawa mai suna Arabidopsis, dangin kabeji, wadda masana suka mayar abin gwaji saboda saurin girmanta. Duk yis ɗin da ya farfaɗo, an san ya karɓi ƙwayar gadon wata ƙofar fotasiyam. Ta haka wata tawaga a Amurka ta gano KAT1, wata a Faransa ta gano AKT1, duk a shekara ɗaya.

A 1994 Daniel Schachtman da Julian Schroeder suka ciro wata daga alkama, suka raɗa mata HKT1, suna kyautata zaton ita ce hanyar farko ta Epstein, mai tsintar fotasiyam a lokacin ƙaranci. Shekara guda bayan haka ɗakin binciken Schroeder ɗin ya gano cewa sodiyam ma na bi ta cikinta. Daga baya ta bayyana cewa da yawa daga cikin danginta sodiyam kaɗai suke ɗauka. Sunan ya zauna duk da haka, harafin K na tsakiyarsa yana nuni ga aikin da akasarinsu ba sa yi. Ainihin mai tsintar fotasiyam a lokacin ƙaranci an same ta a wani dangi daban, kuma fitacciyar cikinsu ita ce HAK5, wadda shuka ke tayar da ita idan ta ji fotasiyam ya yanke.

Gwajin da ya ɗaure matsalolin biyu da igiya ɗaya na Jian-Kang Zhu ne. Ya shuka dubban 'ya'yan Arabidopsis da aka jirkita musu ƙwayoyin gado, ya mayar da su faranti mai gishiri, ya kifa farantin saiwa na kallon sama. Lafiyayyar saiwa takan lanƙwaso ta nufi ƙasa. Wadda ta kasa lanƙwasowa, gishiri ya tsayar da ita. A 1996 aka bayyana ta farko, aka kira ta SOS1, taƙaitawar wasu kalmomin Turanci masu nufin mai tsananin rakin gishiri. Abin da ya ja hankali shi ne wannan shuka mai raki, ko ba gishiri, ba ta iya girma idan fotasiyam ya yi ƙaranci. Ƙwayar gado ɗaya ta lalace, cuta biyu ta bayyana. Zuwa shekarar 2000 an warware sarƙar. Idan gishiri ya taɓa saiwa, kalsiyam na ƙaruwa a cikin ƙwayar halitta, SOS3 ta ji shi, ta tayar da SOS2, ita kuma ta kunna SOS1, wadda famfo ce da ke tura sodiyam waje. A 2006 wasu tawagogi biyu, ɗaya a Beijin ɗaya a Berkeley, suka nuna cewa 'yan uwan SOS3 da SOS2 na jini su ne ke buɗe ƙofar AKT1 idan fotasiyam ya yi ƙaranci. Wannan ya ƙara haske kan abin da Epstein ya gani game da kalsiyam shekaru da dama kafin nan.

Ba kowane albishir ne ya cika ba. A 1999 ɗakin binciken Eduardo Blumwald a Toronto ya ƙara wa shuka ƙarfin wata ƙwayar gado mai suna NHX1, wadda aka fahimta a matsayin mai kwashe sodiyam tana kulle shi a rumbun da ke tsakiyar ƙwayar halitta. A 2001 aka nuna tumatir yana 'ya'ya a ruwan da gishirinsa ya haura kashi ɗaya cikin uku na ruwan teku, jaridun duniya suka yi ta yayatawa. Bayan shekara goma bincike ya nuna babban aikin wannan ƙofa a yau da kullum shi ne ajiye fotasiyam a rumbun. Tumatirin bai zama irin da ake sayarwa a kasuwa ba. An rubuta ɗaruruwan takardu kan shukokin da suka jure gishiri a cikin tukwane, kaɗan ne ƙwarai suka tsallaka zuwa gona.

Abin da manoma suka adana

Nasarar da ta kai gona ta wata hanya ta zo. A gaɓar Kerala ta kudancin Indiya, inda ruwan teku ke shiga gonaki, manoma sun daɗe suna noma wata doguwar shinkafa mai suna Pokkali. Ba ta da yawan amfani, takan kuma kwanta, amma gishiri ba ya kashe ta. Masana a cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifin suka haɗa ta barbara da wani iri mai raki, IR29, suka bi diddigin 'ya'yan, a ƙarshen shekarun 1990 suka gano wani yanki a kuromosom na ɗaya da ke ɗauke da kaso mai tsoka na juriyar, suka kira shi Saltol. A 2005 wata tawaga a Shanghai, tana aiki da wata tsohuwar shinkafar Indiya mai suna Nona Bokra, ta ware ƙwayar gado guda a wannan yanki, SKC1. Da aka duba sai ga shi 'yar dangin HKT ce. Aikinta shi ne tsayawa a bakin jijiyar da ke kai ruwa daga saiwa zuwa ganye, tana zare sodiyam kafin ya hau, ta haka ganye ya ci gaba da riƙe fotasiyam ɗinsa.

Haka ta faru da alkama. Alkamar taliya ta fi ta burodi rakin gishiri. Rana Munns da abokan aikinta a Ostireliya suka samo wata ƙwayar gado, ita ma ta dangin HKT, wadda asalinta daga wata tsohuwar alkama ne da aka kusa daina nomawa. A 2012 suka ba da rahoton cewa alkamar taliyar da aka sa wa ita ta fi takwararta amfani da kashi 25 cikin 100 a gona mai gishiri. Yana da kyau a lura, ganin irin muhawarar da ta biyo bayan fitar da waken SAMPEA 20-T na Samaru a 2019, cewa wannan alkama da shinkafar Saltol duka ta barbarar gargajiya aka samar da su. Ilimin ƙwayoyin gado ya taimaka ne wajen gane wane ɗa ne ya gaji abin da ake nema tun yana tsiro.

Afirka ta Yamma na da nata Pokkali. Shinkafar Afirka, wadda aka fara nomawa a fadamun kogin Neja na ƙasar Mali kimanin shekara 3,000 da suka wuce, ta daɗe da isa bakin teku. A 1594 André Álvares de Almada ya bayyana yadda mutanen gaɓar Gini ke gina shingen ƙasa suna noman shinkafa, kuma har yau Jola na Kasamas da Balanta na Gini Bisau suna tare ruwan teku, su bar ruwan sama ya wanke gishiri, sannan su dasa. A 2016 Rachel Meyer da Michael Purugganan da wasu suka nazarci irurruka 93 na wannan shinkafa, suka sami wurare 11 a ƙwayoyin gadonta masu alaƙa da jure gishiri. A tashar cibiyar AfricaRice da ke kusa da Saint-Louis a Senigal kuma, inda sai da aka gina madatsar Diama a 1986 don hana ruwan teku hawa kogi, an yi aikin shigar da Saltol cikin irurrukan da manoman yankin suka saba da su.

Ƙasar Hausa

Ƙasar Hausa ba ta da teku, amma tana da rana da noman rani. An kammala madatsar Tiga a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ruwanta ya raya Kadawa da Kura da Garun Malam. Bakolori ta biyo baya a 1978, Goronyo a 1984. Kowane ruwan ban ruwa na ɗauke da ɗan gishiri. Rana ta shanye ruwan, gishirin ya zauna. Idan magudanai suka toshe da yashi da kachala, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso, ya hauro da nasa gishirin, sai a fara ganin gurabe a gona inda ƙasa ta yi fari-fari, shuka ta ƙi tashi. Mafi muni shi ne inda sodiyam ɗin irin na kanwa ne, domin yana tarwatsa ƙasa ta daskare, ruwa ya kasa ratsa ta. An ga irin wannan a gonakin Office du Niger na Mali. Maganinsa magudana ne da jifsam, mai ɗauke da kalsiyam. Babu ƙwayar gadon da za ta yashe magudana, kuma iri mai juriya da aka shuka a gonar da gishirinta ke ƙaruwa kowace shekara jinkiri kawai ya saya wa mai gonar.

Ta fuskar fotasiyam, an daɗe ana ɗaukar ƙasar arewa a matsayin mai wadata. Ƙurar hunturu da ke tasowa daga Bodele a Chadi tana sauke ɗan rabonta kowace shekara. Manoman karkarar Kano kuma, kamar yadda Michael Mortimore ya bayyana, sun riƙa ɗauko takin gari a kan jakuna, da toka da shara da kashin dabbobi, suna mayar wa gona abin da ta bayar. Yau ana noma masara da shinkafa masu ci da yawa, sau biyu a shekara a wasu wuraren, ana kwashe kara da harawa a sayar, kuma manomi da kuɗinsa ya gaza yakan sayi yuriya kaɗai don ita ce ganye ke nuna aikinta nan take. Fotasiyam ɗin da ke cikin takin NPK kuwa daga waje ake shigo da shi, kuma ƙasashe uku ne, Kanada da Rasha da Belarus, ke riƙe da mafi yawan kasuwarsa. Da yaƙin Yukiren ya ɓarke a 2022, sai da Nijeriya ta nemo shi cikin gaggawa daga Kanada. Shuka mai ƙarancin fotasiyam ta fi saurin faɗa wa gishiri, saboda ƙofofin da take buɗewa don neman abincin, wasu daga ciki su ne sodiyam ke bi.

Saboda haka irin da gonakin Kadawa da Talata Mafara za su buƙata nan gaba shi ne mai iya tsintar fotasiyam a ƙasa maras ƙarfi, mai kuma hana sodiyam isa ganye. Tarihin Pokkali da Nona Bokra ya nuna inda ake samun irin wannan hali, wato a hannun manoman da suka daɗe suna noma ƙasa mai wuya: masu gero a gefen filayen kanwa na Dallol da Manga, da masu jar shinkafar gargajiya a fadamun Rima da Argungu. Wannan jar shinkafa ta ja baya tun da Bakolori ta rage ambaliyar da take dogaro da ita, kamar yadda William Adams ya nuna a nazarinsa na ƙauyukan da ke ƙasa da madatsar, sannan sabbin irurruka irin su FARO 44 suka mamaye kasuwa. Akwai rumbunan adana iri a Ibadan da Sadore kusa da Yamai da kuma kusa da Bouaké a Kwaddibuwa, amma abin da aka kai musu kaɗai suke riƙe da shi. Irin shinkafar da aka bari a rumbun ƙasa cikin zafin arewa, 'yan shekaru kaɗan yake yi ya daina tsira.